Ƙyallen Bakin Ƙofa

"A ɗaga shi sama, iyaye su hango tun daga titi!" in ji Fasto, shugaban makarantar mishan, yana nuna wa ma'aikata inda za su ɗaure ƙyallen tallar makarantar.

Malamar Girkanci ta tsaya tana karanta abin da ke jikin ƙyallen: sunayen ɗaliban da suka sami gurbi a manyan jami'o'in Seoul, babban birnin ƙasar. Babu na ɗalibar da ta fi ji da ita.

"Fasto, ina sunan yarinyar nan?"

"Wadda ta zubar mana da mutunci? Ranar jarrabawar ƙasa, ranar da har jiragen sama ake dakatarwa don kada ƙararsu ta dami ɗalibai, ita ta tsaya jinyar tsohuwa mai tsintar kwali! Motar asibiti ta ƙare ne a garin?"

Ran malamar ya ɓaci. Shekara da shekaru mutumin nan yana bin coci-coci yana cewa ya farfaɗo da karatun magabata, mutum zai gina, ba injin cin jarrabawa ba. Ita kuma ta yarda, ta zaunar da yara suna bin darasin ƙaunar maƙwabci kalma-kalma cikin Girkanci, harshen asalin nassin. Yarinya ɗaya ce ta ɗauki karatun da gaske. A hanyarta ta zuwa jarrabawa babur ya buge tsohuwa, yarinyar ta durƙusa ta tallabe mata kai har aka rufe ƙofar jarrabawa.

"To me muka koya musu ke nan, Fasto?"

"Malama, tausayi ba ya kawo sababbin ɗalibai. Kai, ku ja ya miƙe!"

Suka ja. Ƙyallen ya miƙe tsaf, ya rufe gicciyen da ke saman ƙofa ruf.