Gwangwanin Direba

Mahmudu ya tsoma kan ashanar cikin narkakken kyandir, ya hura mata iska, ya kwantar da ita a gwangwani. Ruwan saman birnin Duwala ba ya shawara da kowa, kuma ashanar da ba ta sha kaki ba tsinke ce kawai.

Gwangwanin na alewar tari ne, bai fi tafin hannu ba. Duk direban tirela da ya san hanyar Ngaundere yana da irinsa a aljihu, domin in mota ta mace maka a daji, abin da ke jikinka shi ne naka. Mahmudu ya sa allura da baƙin zare, ya ƙulle gishiri a leda, ya matsa dabino a kusurwa. Rezar nan da ya tsinta a banɗaki ya naɗe ta da takarda. Zare ya ƙi shiga allura, ido ya kasa ganin kafar. Laifin abincinsu ne, abinci ba gishiri ba mai.

Har yau ba wanda ya gaya masa laifin da ya yi. Ba alƙali, ba ɗan sanda. Ya dai farka ya ga taga da ƙarafa, ƙofa kuma daga waje ake kulle ta. Da ya tambayi inda yake aka ce masa unguwar New Bell, ya ce to, ya gane. A garin nan in an ce an rufe mutum a New Bell, ba a neman ƙarin bayani, babban kurkuku ake nufi.

Masu leƙo shi ma 'yan rainin wayo ne. Alhaji suke ce masa, shi da ko filin jirgi bai taɓa takawa ba.

Duk wannan da sauƙi. Kausar ce damuwarsa.

'Yarsa ce tilo, ajin farko take, uwarta Mairama ta rasu. Shi yake ɗauko ta daga lakwal, makarantar boko, kuma da bakinsa ya kafa mata doka: ko sama za ta faɗo, kada ta gusa daga bakin get sai ya zo. Yarinyar kuwa ba ta san saɓa magana ba. Za ta tsaya da 'yar jakarta har kowa ya watse. Ga hadari ya haɗo ta wajen unguwar Akwa, baƙi ƙirin, ga babban lambatun nan da ke tsakanin lakwal da gida, wanda in ya cika ba a gane ina hanya ina rami. Tsoro ya kama shi, irin wanda ko a kan gangaren dutsen Falez da birki mai zafi bai taɓa ji ba.

Ya ɗauki alewar da aka ajiye masa a faranti da safe. Kullum sai an sa masa ɗaya, bai taɓa sha ba. Ta Kausar ce. Ya nema mata wuri a kan takardun alewar da ke ƙasan gwangwanin, waɗanda aka ninke ƙanana kamar laya. Aikin Kausar ne, shi ya koya mata. In ta shanye sai ta ninke takardar ta mayar masa, wai kuɗin mota. Kamar ma sun fi na jiya yawa.

Saura waya. Ya warware ta daga hannun bokiti, ya lanƙwasa bakinta, ya durƙusa gaban ƙofa. Gwiwoyinsa suka yi ƙara. A waje babura sai ihu suke, bai san yaushe suka cika garin haka ba.

Ruwa ya tsinke. Ya cusa wayar a ramin makulli yana juyawa, yana kiran sunan Allah, yana jin kwanon rufi kamar zai tsage.

Makullin ya juya, amma ba shi ya juya shi ba.

Gandirobar ce, doguwar nan mai tabarau da ke zuwa da rana da takalmin ofis. Ta jiƙe sharkaf, wayar salula maƙale a kunnenta.

"Oui, je suis arrivée," ta ce wa na cikin wayar da Faransanci, wai ta iso, ta kashe. Ta dubi ƙarfen da ke hannunsa, ta dubi aljihunsa, ta miƙo tafi.

Bai yi gardama ba. Matar nan ba ta duka, ba ta zagi, amma ba a ɓoye mata komai. Ta buɗe gwangwanin ta zare reza, ta kwashe ashana, ta hure kyandir.

"Wancan karon a unguwar Bépanda aka tsinto ka, ba takalmi," in ji ta.

"Madam, ki dubi girman Allah." Muryarsa ta karye, bai ji kunya ba. "Ba guduwa zan yi ba. Yarinyata na bakin lakwal, ni na ce ta jira ni. In kai ta gida in dawo ku rufe ni, wallahi da ƙafata zan dawo."

Ta dubi cikin gwangwanin. Ruwa na ɗiga daga gyalenta.

Sai ta sa yatsu ta ɗauki alewar. Ya yunƙura zai ce ba taki ba ce, ta riga ta ɓare ta jefa a baki. Ta shimfiɗa takardar a cinyarta, ta ninka, ta sake ninkawa, ta cusa bakin a ciki har ta zama 'yar laya. Ta mayar cikin gwangwanin, ta rufe, ta danƙa masa a hannu, ta haɗa da nata hannuwan biyu ta riƙe.

"Ai ka zo, Baba," ta ce. "A wuya ka ɗauko ni, ko ƙafata ruwa bai taɓa ba. Yau shekara kusan arba'in ke nan."