Lambun Mma Saratu

Sau uku ke nan Jamiu mai buga bulo yana kafa turaku a lambun Mma Saratu da ke bakin kwatar Maamobi, sau uku kuma tana tuge su tana watsawa cikin ruwa. Shi shaguna yake so ya gina. Ita kuwa shekara ashirin da biyu tana noman latas da albasa a wurin, tun mijinta yana raye, kuma ko guntuwar takardar fili ba ta da ita. Abin da take da shi 'ya'ya biyu ne sojoji, Mashud da Ziblim, suna Laberiya inda ake ba-ta-kashi.

Kowane wata wasiƙarsu takan iso, da ajami, yadda ubansu ya koya musu. Jamiu boko kaɗai ya sani. Sai Saratu ta ci ɗamara, ta ja gwiwoyinta masu ciwo har kan iyakar lambun, ta karanta da ƙarfi, idonta ya fi zama a kan Jamiu fiye da takardar.

"Ka ji ko? Sun ce wanda ya taɓa kunya ɗaya, in sun dawo da bakinshi zai gyara ta."

"Mma Saratu, ni ba na son wahala," in ji Jamiu. Sai ya kwashe turakunsa sumui-sumui, ƙato da shi.

Limamin unguwa ya taɓa miƙa hannu zai taya ta karatu, ta ce ai ba ta makance ba. Amsar da take aika wa yaran ba ta wuce ƙullin busasshen barkono da layi ɗaya: ana nan ana noma. Bayan kowace wasiƙa takan yi kwana biyu tana tsaki, maƙwabta suka ce kewa ce.

Sai wasiƙu suka ɗauke har wata uku. Jamiu ya samu ƙarfin gwiwa, ya kawo tifar yashi da leburori. Saratu ta ji tsoro ƙwarai, amma ta zauna daram a gaban tayar motar, ta ce sai dai a bi ta kanta.

Ana cikin haka Mashud ya sauko daga motar haya ta trotro da kaki, ya zo hutu. Leburori suka cika wandonsu da iska. Jamiu ya durƙusa yana rantsuwar har abada ya bar wurin.

Saratu ta rungume ɗanta tana kuka, ta raɗa masa a kunne: "Ziblim lafiya? To alhamdu lillahi. In ka buɗe baki a nan, ban yafe maka ba."

Mashud ya dubi kumburarrun gwiwoyinta, shi ma ya yi ƙasa da murya.

"Haba Mma. Wasiƙa tara muka rubuto, duk magana ɗaya: ki bar wa mutumin nan filin, ki huta."