Mazurarin Inna

Karo na uku ke nan tsohuwar kwamfutar marigayi mijin Inna tana sumewa da zarar an jona mata intanet. 'Yarta, injiniya guda, ta dafe kai.

"Inna, saƙonni sun yi mata yawa, shaƙewa take yi."

Uwar, wadda ta shekara talatin tana ɗura man gyaɗa a kwalabe a kasuwar Dantokpa, ta ja tsaki.

"Wa ke juye garwa a bakin kwalba? Sa mata mazurari, ki tsiyaya!"

'Yar ta rage gudun saƙonnin. Allon ya farfaɗo. Sunayen matan unguwar Zongo da marigayin ya buga a kwamfutar, masu ƙuri'a a zaɓen farko bayan mulkin soja, suka fita duniya ta intanet ɗai-ɗai.

Na farko na Inna ne. Ta rangaɗa guɗa.