Gashin Bakin Farfesa

Da mai aski ya ɗaura masa tawul a wuya, Farfesa ya tabbata yau babu mai cetonsa.

Ku dubi zalunci. Mutumin da ke koyar da tuƙi, wanda rabin direbobin layin nan a hannunsa suka bambance birki da totur, ga shi an danne shi a kujera, samari sun cika shago kowa ya ɗaga waya. Kuma gashin bakinsa za a aske. Gashin da ake shafa wa mai safe da yamma, a murɗa gefensa sama, wanda ko shayi Farfesa zai sha sai shi ya fara ɗanɗanawa.

Dokar shagon daɗaɗɗiya ce. A nan ake taruwa kallon babban tseren motoci na duniya, kuma idan shekara ta zo ƙarshe, ƙungiyoyi suka fara sauya direbobi, duk wanda ya cika baki sai ya dafa kujerar aski ya faɗi hasashensa. In ya faɗi daidai, a yi masa tafi. In ya kuskure, a yi masa tal kwabo. Farfesa ya daɗe yana dafa kujerar nan hankali kwance, domin sanƙo ya riga reza zuwa kansa. Ya kuskure ya fi a ƙirga, kullum sai ya miƙa kai yana murmushi, mai aski ya rasa abin askewa.

Bana suka ce ba su yarda ba. In zai dafa, da gashin baki zai dafa.

Kujerar direba ɗaya ce ta rage a wata babbar ƙungiya. Ko a bar tsohon direbanta, wanda 'yan shago ke kira Dattijo, ko a ɗauko wani sabon yaro da suke kira Ɗan Jiya. Samari duk sun bi yaron. Farfesa ya ce yaron da bai gama iya shan kwana ba, ina shi ina motar da ke gudu kamar harsashi?

Da son ransa ne, da ya zille. Amma yana da abin dogaro: wani shafi a waya mai suna Kunnen Gareji. Mabiyansa ba su da yawa, kuma ba wanda ya san mai shi, sai dai Farfesa bai taɓa ganin mai kaifin basira irinsa ba. Duk abin da ya zauna ya feɗe wa maiɗakinsa a kan tebur, tana gyaɗa kai tana ƙara masa shayi, baiwar Allah da ba ta san gaban motar tsere da bayanta ba, washegari sai ya tarar Kunnen Gareji ya rubuta kusan haka.

"Kin gani?" yakan ce, yana haska mata waya. "Manyan kawuna a wuri ɗaya suke haɗuwa."

"Allah Ya ƙara basira, Baban yara," takan ce, tana goge ɗigon shayin da gashin ya zubar a kan tebur.

Ana gobe za a dafa kujera, Kunnen Gareji ya turo masa saƙo shi kaɗai: Dattijo ya sa hannu, magana ta ƙare, kada ka gaya wa kowa. Farfesa ya shiga shago yana taku ɗaiɗai, ya dafa kujera da hannu biyu.

Yau da hantsi aka sanar. Ɗan Jiya aka ɗauka.

"Labarin ƙarya ne," in ji Farfesa daga cikin tawul. "Yanzu har hoto haɗawa ake yi."

Mai aski ya ƙara muryar talabijin. Ga yaron nan sanye da rigar ƙungiya, yana dariya da haƙoransa duka.

"To likita ya hana ni aski. Fatata ba ta son ƙarfe."

"Sabuwar reza ce, Baba. Ko jariri ba za ta ji wa ciwo ba."

"A rage gefe-gefe mana. Ai hasashena rabi ya yi daidai, tunda Dattijo bai mutu ba."

Shago ya kwashe da dariya. Wani tela da aka taɓa yi wa tal kwabo saboda ya bi hasashen Farfesa ya matso da kujerarsa gaba, ya ce shi dai kada a tare masa. Farfesa ya duba ƙofa, mutum ya cika ta. Ya duba madubi, ya yi wa abokin zamansa kallon ƙarshe. Aka shafa kumfa. Reza ta bi hagu, ta bi dama, abin da aka yi shekaru ana reno ya zubo a kan tawul kamar shara.

Mutumin da ya gani a madubi bai san shi ba. Leɓen sama fari fat, tsirara, iskar fanka tana kaɗa shi. Ya fito ya tsaya a jikin motar koyon tuƙinsa, hannu ɗaya a kan baki, ɗayan yana danna waya. Ya rubuta wa Kunnen Gareji cewa shi maƙaryaci ne, maci amana, ya tozarta shi da girmansa a gaban yara, kuma in namiji ne ya faɗi inda yake su haɗu ido da ido.

Amsa ta shigo nan take.

"Ina kicin, Baban yara. Tun ina amarya nake roƙonka ka aske abin nan. Ka biyo da albasa in za ka dawo."