Jiƙon Inna

"Na sake ki!" in ji mijina, sannan ya ƙifta mini ido ta bayan kafaɗar mahaifiyarsa.

Laifina kawai na ƙi shan jiƙon haihuwa da Inna ta ɗauko daga Maiyama. Likita ya hana, domin gobe za a dasa mini ɗaya daga cikin 'yan tayin da aka haɗa a asibiti da ƙwaina da maniyyin mijina, aka adana su cikin ƙanƙara. Shekara tara muna nema. Rumbun albasarsa na Aliero kaf ya tafi a wannan aiki, cikina kuwa duk tabon allura ne.

Inna ta tafi zuciyarta fes. Shi kuma ya ɗaura jakata a babur, muka nufi tasha. Muna shiga Jega ya fashe da dariya.

"Ke ma kin san don tsohuwa ta huce na hwaɗi. Na maishe ki."

"Tsaya nan, Malam. Gidanmu zan sauka."

"Mi ya yi zahi? Ba haka muka saba ba?"

"Kai ka saba! Ran da na ƙi hayaƙin bokanta, ka yi. Ran da na tafi asibiti ba da saninta ba, ka yi. Na yau na nawa ke nan?"

Babur ya mutu a hannunsa.

"Igiya ta ƙare," na ce, ina kwance jakata. "Je ka gaya wa Inna jikokinta na can cikin ƙanƙara, suna jiran uwarsu ta auri wani."