Fankar Ɗaki Na Tara

Nighat ta tura ƙofar Otal ɗin Gulnar da kafaɗa, tantabaru suka watse daga silin. Gobe da safe katafila za ta shigo. Baffanta Malik Sarfraz, wanda ya sayar da wurin, ya ba ta yammaci ɗaya ta duba abin da za ta duba.

Abu ɗaya ya kawo ta. A bazarar 1946, tana 'yar shekara shida, mahaifiyarta Kishwar ta shiga ɗaki na tara don barcin rana, ba a sake ganinta ba. Dangi suka ce ta bi wani mawaƙi Lahore. Mahaifin Nighat har ya mutu bai ƙara ambaton sunanta ba. Shekara talatin da bakwai ke nan tana neman wanda zai gaya mata ko da gaske uwarta ta tafi ta bar ta.

"Ga shaidarki can," in ji Malik, ya nuna baranda da sandarsa. "Je ki tambaye shi. In ya amsa miki, na fasa sayarwa."

Wani tsoho ne zaune a ƙasa, ya jingina da bango, ƙafarsa ta dama tana motsi gaba da baya. Duk garin Multan Kurma ake ce masa. Kafin lantarki ya iso otal ɗin, kowane ɗaki yana da fankar katako mai labule rataye a sama, igiyarta ta bi ta wata huda a bango ta fito baranda. Mai ja yana zama a waje, igiyar ɗaure a babban yatsan ƙafarsa. Dokar Gulnar kuwa, ba a ɗaukar mai jan fanka sai kurma, don baƙi su yi maganarsu a sake. Wanda aka gano yana ji, a ranar zai bar aiki, da shatin bulala a bayansa.

Malik ya zagaya ta bayan tsohon, ya ɗaga sanda. Tsohon ya ɗan noƙe wuya, sandar ta sauka a kafaɗarsa.

"Tashi, tsohon banza, ga 'yar gida ta zo."

"Baffa, don Allah."

"Me ya faru? Shekara arba'in ina zaginsa, ko sau ɗaya bai kai ƙarata ba. Kin taɓa ganin bara mai ladabi haka?"

Suka shiga ciki. A ɗakin cin abinci kujeru na kife kan tebura, kamar an share jiya za a dawo. Gara ta cinye littafin sunayen baƙi, ta bar bangonsa kawai. A allon mabuɗai kowane ƙusa da mabuɗinsa, ban da na tara. Wannan a aljihun Malik yake. Ya ciro shi ya buɗe mata ɗakin.

Fankar na nan a rataye, labulenta ya zama tsumma. Daɓen ɗakin tayil ne kore, sai wajen taga inda wani yanki, tsawon tabarma, ya fi sauran haske.

"Me ya sa nan ya bambanta?"

"Bututun ruwa ne ya fashe. Ni da ubanki muka gyara da hannunmu, magina sun tafi biki." Ya buga sandarsa a wurin sau biyu. "Aiki mai kyau, ko?"

Nighat ta leƙa ta taga. Daga nan ana hango barandar. Abin da take iya tunawa na uwarta kaɗan ne, kuma a can yake: Kishwar zaune kan kujerar kaba tana yanka mangwaro, tana miƙa wa mai jan fanka, tana yi masa hira ƙasa-ƙasa har tana dariya. Ta faɗa wa baffanta.

"Kin gani ko? Macen da ke hira da kurma ai kanta ba daidai yake ba."

"Ba a bincika ba ne, Baffa?"

"An bincika mana. Mutum ɗaya ne a bakin ƙofar nan ranar, kin kuwa gan shi. Mai shara ya rantse tun azahar har la'asar yana jan igiyarsa, ko sau ɗaya bai tsaya ba. Ɗan sandan ya sha shayi ya yi gaba."

Ta fito, ta durƙusa gaban tsohon, ta ciro hoton uwarta daga jaka. Ta nuna hoton, ta nuna ƙofar ɗakin, ta nuna hanya, ta buɗe tafin hannu. Ya daɗe yana kallon hoton. Sannan ya girgiza kai.

"Ina zai koma gobe?" ta tambaya.

"Wannan tsakaninsa da mai katafila ne. Taso, 'yata, zafi ya yi yawa."

Nighat ta mayar da hoton. Ta san ba ji zai yi ba, amma ta ce, "Baba, da kana ji, abu ɗaya zan tambaye ka. Da za ta tafi, ta kira sunana?"

Ta bi baffanta suka shiga mota. Motar ta fice, ƙura ta lafa. Daga wani masallaci can bayan tashar jirgi aka fara kiran la'asar, da ƙyar muryar ke isowa. Tsohon ya jawo butarsa.

Ranar nan, ba sunan Nighat Kishwar ta kira ba. Da Malik da mahaifin Nighat suka shiga mata ɗakin suka murɗa mabuɗi ta ciki, sunan mai jan fankar ta kira, Ditta, sunan da ita kaɗai ya taɓa gaya wa, don ita kaɗai ta gano asirinsa ta kuma rufa masa. Sau uku ta kira, ya ji ta sarai ta hudar bango, ya ci gaba da jan igiya don kada su gane yana ji. Daga ɗakin nan ba ta sake fitowa ba.