Damin da Aka Daka Ranar Bakwai

Bari in ba ka misali da wani manomi a wata ƙasa mai jigawa, inda damina ba ta daɗewa. Mutumin nan ɗaki ba ya riƙe shi. Da ya sallame asuba sai gona, can ake kai masa fura, can ya koya wa 'ya'yansa bambanta sawun zomo da na bushiya, yana saɓe da ƙaraminsu a wuya. Matarsa kan ce ita da gona aka aura masa, kuma gona ce uwargida. Kowace shekara kafin girbi yakan bi gonar kunya-kunya, duk zangarniyar geron da ta riga 'yan'uwanta nuna sai ya ɗaura mata kaba. Su yake yanka daban, ya yi dami guda, ya barbaɗa toka, ya rataye a can saman rumbu. Shekara arba'in yana haka! Ka duba fa, mutum bai taɓa shiga aji ba, amma ya ƙera irin da ya san ƙasarsa, gero mai nuna kafin ruwa ya ɗauke. Shekarun da maƙwabta suka tashi da kara, gidansa ya ci tuwo.

Da bazara Allah ya karɓi abinsa, lokacin da rumbu ya kusa ƙasa. Jama'a kuwa suka yi ta zuwa: mafarauta, Fulanin da yake bari su yi kiwo a gonarsa bayan girbi, matan da ya taɓa ɗora wa itace. Ranar sadakar bakwai geron gumba ya ƙare, ga baƙi har bakin zaure. Babban ɗansa ya leƙa rumbu, ya ɗaga kai ya hangi damin irin nan. Uwar ta riƙe masa riga ta ce, "Kai, wannan ba na ci ba ne." Ya ce, "Inna, so kike a ce an zo bakwan Baba an tashi baki a bushe? Iri ai ga shi nan jibge a kasuwa." Ba mugunta ba ce, wallahi, yana hawaye ya sauko da shi. Aka sussuke, aka jiƙa, aka daka. Kowa ya ce bai taɓa cin gumba mai daɗin wannan ba, aka yi wa mamaci addu'a, aka watse.

Da ruwa ya sauka suka shuka na kasuwa. Ya fito kyakkyawa, ya yi tsawo ya wuce mutum, har ɗan ya fara cewa kun gani. Geron yana cikin bununi, bai yi ƙwaya ba, ruwa ya ɗauke. Suka bi maƙwabta ko akwai wanda marigayin ya taɓa ɗiba wa; ɗaya ya ce ya ci nasa a shekarar fari, ɗaya ya ce nasa ya gauraye da wani tuntuni. Ko ƙwaya. Shekara ta biyu ma haka aka yi. A ta uku 'ya'yan suka bazu ci-rani ba su dawo ba, tsohuwar ta koma hannun ƙaninta, gonar ta zama ta tumfafiya.

Shi ya sa Bahaushe ya ce, garin neman gira an rasa ido.